Yadda ake shiga farauta a dajin gwamnati ba tare da ka kwana hannun hukuma ba

Wani ƙanena ne ya turo min bidiyo ta WhatsApp shekaranjiya, wani bature can Amurka sanye da riga ruwan lemo ya laɓe bisa icce, can sai ga wata dabba mai ƙaho kamar rassan gawo ta hito, tau! ya kada ta. Ƙasan bidiyon sai ya rubuto min wai "Yaya mu ma mu shirya mu tahi Gadabeji mu ɗebo barewa." Na yi dariya har sai da na aje salula, amma daga baya na ga abin ba na dariya ba ne, don ba shi kaɗai ba ne, samari da yawa a Maradi yanzu sha'awar farauta ta kama su kuma ba su da wanda zai zaunar da su ya gaya musu yadda abin yake. To bari in faɗi abin da na koya wajen kawuna, shi maharbi ne tun muna yara, ni kuwa ɗan rakiya ne da ya daɗe yana bin sawu.

Da farko dai waccan dabbar ta bidiyo ba barewa ba ce, babu irinta a Nijar ko ɗaya. Ita ƙahonta zubewa yake kowace shekara wani ya tsiro, barewarmu kuwa da ƙahon da ta girma da shi za ta mutu. Kuma baturen da ka gani ba haka kawai ya saɓi bindiga ya faɗa daji ba, sai da ya sayi lasisi, ya sayi wata 'yar takarda da ake ɗaura ma dabbar in an kashe, akwai ranar buɗewa akwai ranar ruhewa, rigar nan ruwan lemo ma don kada wani maharbin ya ɗirka masa harsashi ne, ita dabbar ba ta rarrabe launin sosai. Tun 1937 suke cire haraji bisa bindigogi da harsasai suna zubawa wajen kula da namun daji, shi ya sa nasu suke nan miliyoyi. Mu namu fa? Tsohhinmu suna ba da labarin lokacin da ake ganin barewa daga bakin gona, sai fari na 1973 da na 1984 sunka zo, gonaki sunka cinye daji, masu kuɗi sunka riƙa bin su da mota har su gaji su faɗi. Abin da ya rage kaɗan ne. Barewa ɗa guda take haihuwa bayan cikin wata shida ko kusa da haka, zomo kuwa sau da yawa yake haihuwa a shekara, zabuwa ta zuba ƙwai tuli da damina. Kai ma yi lissahin da kanka. Don haka ni shawarata tun daga nan, cire barewa daga ranka, tana cikin dabbobin da doka ta sa ma ido, ka nemi zomo da zabo da makwarwa, su ne farautar talaka kuma su ne ba za su ja maka jidali ba.

Sai maganar wane daji. Mutane suna cewa daji na Allah ne, gaskiya ne, amma a ƙasan nan namun daji dukiyar ƙasa ne, gwamnati ke riƙe da su. Akwai wurin da ko da wace irin takarda ka zo ba a farauta, misali Gadabeji ɗin nan da ƙanena ke ɗoki, can arewa da Dakoro. Tun 1955 anka keɓe shi, hekta dubu 76 ne, a 2017 UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya ke kula da su, a 2018 kuma anka ɗauko raƙuman dawa 8 tun daga Kure, can wajen Yamai, anka kai can. In kana son ganin barewa da idonka to can ne wurin, ka je ka nemi izini a haɗa ka da ma'aikaci ya zagaya da kai ka ɗauki hoto, amma ka shiga da kare ko bindiga to ka sayo ma kanka rigima. Akwai kuma gandun daji irin na Baban Rafi can kudu wajen Madarunfa, shi ma yana da nashi ƙa'idodin, kuma ban da doka ma kowa ya san halin da ake ciki a bakin iyakar nan, ɓarayin shanu da masu satar mutane sun maida wasu dazukan gidansu. Ka hito daga ƙungurmin daji da bindiga a kafaɗa, sojan da ke sintiri ya hango ka daga nesa, ta ina zai san zomo kake nema? Ni dai kudu yanzu ko kyauta ban zuwa, kuma ban ba kowa shawara ya je.

Abin da ya rage mana shi ne hilayen kiwo da saurukan da ke tsakanin garuruwa da gonaki bayan an kwashe amfani. Su ma ba a faɗa musu kai tsaye.

Ka fara da biron ma'aikatan gandun daji na yankinku, kowane department yana da shi, wasu kananan hukumomin ma akwai wakili a meri. Dokar da ke aiki ita ce mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, ita ta tsara farauta da kare namun daji. Parmi iri-iri ne a cikinta, akwai na masu bincike, akwai na masu kamu don sayarwa, akwai na masu farautar nishaɗi da bindiga, akwai na kallo kawai, sannan akwai na farautar gargajiya, wanda shi ne ya shahi yawancinmu, wato abin sawa a tukunya ba na kaiwa kasuwa ba. Ka tahi da katinka na ɗan ƙasa, ka yi musu tambaya uku kada ka ji kunya: an buɗe farauta bana ko ba a buɗe ba, wane yanki anka yarda, wace dabba anka yarda. Hukuma ce ke sanar da buɗewa da ruhewa, ba wai don bara an hita a wata kaza bana ma haka ne ba. In ka biya wani abu ka karɓi rasit, ka naɗe shi a leda ka sa aljihun ciki. Kuma parmin farauta daban, takardar riƙe bindiga daban, ko harba-ka-ruga ce ta gado kada ka ɗauka ba bindiga ba ce a idon jandarma.

Abubuwan da dokar ta hana kuwa ba su da wuyar riƙewa don duk abin da maharbin kirki dama yake ƙyama ne. Farautar dare da tocila, bin dabba da mota ko moto, sa ma daji wuta don a koro nama, raga da ramin tarko, guba a bakin ruwa, bindigar yaƙi. Raƙumin dawa, giwa, jimina da irinsu kuwa ko kusa. Maganar wuta ɗin nan ina son a ji ta da kyau, gafiya guda za ka turara ma hayaƙi a rami, iskar hunturu ta ɗauki tartsatsi guda, kahin ka ce kwabo ciyawar da dabbobin gari goma za su ci har damina ta tashi. Wanda ya taɓa ganin gobarar daji wajen Dakoro ko Bermo ba ya wasa da ashana.

Bayan hukuma sai maigari. Wannan ba a rubuce yake ba amma wallahi ya hi takardar amfani wani lokacin. Ku isa garin da ke kusa da dajin, ku gaida maigari da ɗan goronku, ku ce ga mu ga inda munka hito ga abin da ya kawo mu. In garin akwai sarkin dawa ko sarkin baka to shi za a haɗa ku da shi, shi ya san inda zabi ke kwana, ya san inda rugar Fulani take, ya san gonar da ba a gama kwashe wake ba, ya san kuma gehen da ba a shiga kwanan nan saboda an ga baƙin huska. Dama can farauta ba a yin ta sai an buɗe daji, har yanzu ana bikin gargajiya na buɗin daji a Massalata kusa da Konni, tsohhi suna cewa kahin a yi shi ba mai shiga. Ko ba ka yarda da abin da ake yi a wurin ba, ka ga dai kakanninmu ma suna da lokacin shiga da lokacin bari. Da damina ba a farauta, namun suna da ciki ko suna goyo, zabi suna kan ƙwai, gonaki kuma a tsaye.

Kayan tahiya ba su da yawa. Ƙere guda biyu, wato sandar jifa mai ɗan lanƙwasa a kai, gora ko kulki, wuƙa mai kaihi sosai don yanka, 'yar adda, burgami ko buhu. Takalmi ruhaffe, ba silifa ba, don karangiya da ƙayar aduwa ba su san kai ɗan birni ba ne, dogon wando mai kauri. Ruwa kuwa ninka abin da kake tsammani, bido guda naka guda na karnuka, daga watan Maris zahin nan yana wuce digiri 40, mutum sai ya ji kansa na sarawa ya daina zuhwa, in ka ga haka ga abokin tahiya to a inuwa za a kwantar da shi a jiƙa masa jiki a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, farauta ta ƙare ke nan ranar. Ka cika salula da caji amma kada ka dogara da ita, rezo yana ɗaukewa da an yi nisa da hanya, gara ka gaya ma mutanen gida sunan garin da za ku da lokacin da za ku komo.

Kare shi ne rabin farauta. Irin dogayen nan masu siririn ciki na wajen Azawak su ne gwanayen gudu, amma ko na gida in an hore shi yana yi. A yi masa allurar haukan kare wajen likitan dabbobi, kada a cika masa ciki da sahen ranar, kuma abu mahi muhimmanci ya san kira, in ka ce ya dawo ya dawo. Nan ne ni na sha kunya. Hitata ta biyu da kawu, wajen Kornaka, na zo da wani baƙin karena Duna da nake ta yabo, ai kuwa muna shiga sai ga garken awaki, kahin in buɗe baki ya kama wata 'yar akuya a cinya. Mai awakin ya iso da sandarsa a wuya ransa a ɓace, ni har na fara ɗaga murya, kawu ya dube ni ya ce "Kai yaro ruhe mana baki." Ya tuɓe takalmi ya tsuguna ya gaida mutumin kamar surukinsa, ya ce "Laihinmu ne, faɗi abin da za a yi." Jikka goma sha biyar munka biya, kuɗin da na tara don sayen taya, kuma duk hanyar komowa kawu bai ce min uffan ba, sai da munka iso ƙofar gida ya ce "Ɗana, karen da bai san akuya ba a igiya yake farauta." Tun ranar in mun hango dabbobi ko burtali kowa ke kama karensa sai mun wuce.

To yanzu an shiga daji. A hita tun da asuba bayan salla, don da sanyin sahiya nama ke motsi kuma sawu bai ɓace ba. Abu na farko duba iska, ɗebi ƙasa ka sake ta ka ga inda ta nuhwa, ku tahi iska na bugun huskarku, in tana bayanku to ta riga ta kai labarinku gaba. Da hunturu daga gabas maso arewa take busowa, sai ku shigo ta yamma. A jeru sahu guda, tsakanin mutum da mutum kamar taku goma sha biyar ko ashirin, babba a tsakiya, kuma ba mai wuce sahu, wanda ya yi gaba shi ke shan ƙere a ƙeya. Tahiya sannu, ana bugun kowane kurmin sabara da geza da kalgo da sanda. Sabon shiga kullum sauri yake yana hangen nesa, alhali naman yana gindin ƙafarsa.

Zomo ba ya gudu da wuri, wannan shi ne sirrinsa. Lahewa yake a ɗan gurbin da ya share gindin sabara, ya kwantar da kunnuwa bisa baya, launinsa sak na ƙasa da busasshen ganye. Ranar da na fara ganinsa a kwance kawu ne ya riƙe min hannu ya nuna da haɓa, na duba na duba ban ga komi ba sai ganye, can sai na ga ido, ido guda baƙi ƙirin mai sheƙi yana kallona ko ƙiftawa babu, sai hancin da ke ɗan motsi. Taku huɗu tsakaninmu. Kawu ya raɗa min kada in tsaya kuma kada in kalle shi ido cikin ido, in ci gaba da tahiya kamar ban gani ba ina ɗan zagayowa, don tsayawar ce ke gaya masa an gan shi. Ni kuwa na tsaya cak. Wuf! ya tashi, na wurga ƙere ya faɗi inda zomon yake ɗazu, shi kuwa tuni ya yi gaba. In ya tashi gabansa ake jifa ba jikinsa ba, kuma ƙasa-ƙasa yadda ƙeren zai tahi yana juyawa ya share ƙafahu, sannan kahin ka saki hannu ka tabbata ba mutum ba kare a layin. Alamarsa kuwa kashinsa ƙanana dunƙule-dunƙule kamar na akuya amma ya hi haske, da sawun da ƙafahun baya ke faɗawa gaban na gaba.

Zabin daji su kuma wayo gare su, a garke suke kuma kullum akwai mai gadi, sun hi son gudu da ƙafa sai an matsa musu su tashi. Bisa manyan itatuwa suke kwana, in ka ga gindin icce da kashi fari-fari da gashinsu mai ɗigo-ɗigo to nan ne, sai ka san hanyar da suke bi zuwa ruwa da sahe ka tare. Makwarwa kuwa ita ke tona kanta da kuka da hudowar rana. Kada a share garke duka, biyu ko uku sun isa miya, kuma wanda ya tarar da gurbin ƙwai ya bar shi.

Mu a tawagarmu ba a haɗa bindiga da farautar taro. In mai bindiga ne ya tahi shi da mutum guda daban, mutane ashirin da karnuka talatin ga ƙura ga ihu ga gangi na tashi, sannan wani ya ɗana kunama, ai ba sai an faɗa maka ƙarshen labarin ba. Harba-ka-ruga kuma in an cika mata albarushi tana iya fashewa a hannun mai ita. Kuma duk abin da ba ka gani sarai ba kada ka harba, motsin ciyawa yana iya zama yaro mai kiwo ko mace mai ɗiban icce.

Rabon nama ku gama maganarsa tun a gari gaban babba. Na wanda ya fara jifa ne, ko na mai karen da ya fara kamawa, ko tarawa za a yi a raba? Kowane gari da al'adarsa, amma yawancin faɗan 'yan farauta da kake ji har a zaro wuƙaƙe a kan zomo guda ne da ba a yi wannan maganar ba, ga samari sun sha kirari kowa na ji da taurinsa. In kun haɗu da wata tawagar kuma karnuka sun cakuɗe, manya su yi magana yara su yi shiru.

Sai yanka, wanda samari ke mantawa cikin ɗoki. Ka yi bisimilla lokacin da kake sakin kare ko kake harbi, aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta yi maganar abin da horarrun dabbobin farauta sunka kamo. In ka tarar da naman da rai to dole ka yanka. Wanda ƙere ko kulki ya buge ya mutu kahin ka iso da wuƙa mushe ne, don bugu ne ya kashe shi, shi ya sa ake son wuƙar a kusa kuma a ruga da gudu. Sauran bayanin ka zauna da malaminku. Da an yanka a farke ciki a zubar da hanji tun a dajin, zahin nan ba ya jira, a rataya a inuwa iska na bugu, kada a cusa cikin leda a ɗaure. In za ku kwana sai a barbaɗa gishiri a yi banda. Dabbar da kunka tsinta a mace ko kunka ga tana layi da kanta kada ku taɓa, kada ku bar karnuka su ci.

Maciji kuwa yana nan, kububuwa ta hi yawan ɓarna don ƙarama ce kuma launin ƙasa gare ta, ga kasa ga gamsheƙa. Kada ka zura hannu a rami ko kogon icce, sanda ake turawa. In tsautsayi ya faɗa, ban da tsagawa da reza, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau da igiya. A cire zobe ko abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaura ma ƙafar sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutum a kai shi likita mahi kusa ba tare da ya taka da kansa ba. Na san kowane maharbi yana da garin maganinsa a burgami, kawuna ma yana da shi, ban hana ka ba amma a sha shi bisa hanyar asibiti, don dahin kububuwa hana jini daskarewa yake, mutum sai ya ga kamar ya warke kwana biyu sannan jini ya ɓalle ta dasashi.

Wani abu kuma, itatuwan da kake gani cikin gonaki wajen Aguie da Tessaoua da Mayahi ba haka kawai sunka tsiro ba, sassaben zamani ne, mutane ne sunka bar kututture ya toho sunka yi ta renonsa shekara da shekaru. Kada don zomo ya shige gindin ɗan gawo ka sa adda ka sare shi, mai gonar ya hi jin zahin wannan bisa a ce buhun hatsi ka ɗaukar masa.

La'asar sakaliya a juyo, kada magariba ta same ku a daji. Kahin a bar wurin a ƙirga mutane a ƙirga karnuka, a biya a yi ma maigari sallama a aje masa ko zabo guda ne. In an iso gida kahin ka zauna ba da labari ka duba ƙafahun karenka tsakanin yatsu, karangiya da ƙaya suna maƙalewa nan, ka cire masa kaska a kunne, ka ba shi ruwa da kai da ƙafahun zomon, nashi rabon ke nan. Ƙanen nawa dai ya yarda zai bi mu in an buɗe, na ce ya fara koyon jifa da gwangwanin tumatir a bayan gida, jiya ya turo min hoton ƙeren da ya sassaƙa, icen tumfafiya ne wai don ya hi sauƙin ɗauka.